Rashin furotin ba shi ne rashin aiki ba

Har yanzu ban huce daga abin da aka yi wa wata ɗaliba a zaman gabatar da batun bincike ba, kuma waɗanda suka halarta sun san abin da nake nufi. Yarinya ta tashi ta ce tana so ta duba ko wata jabun ƙwayar gado (pseudogene a Turance, wato lalatacciyar kwafin ƙwayar gado a cikin DNA) tana da hannu a yadda garkuwar jiki ke tayar da kumburi da kuma kwantar da shi, sai babban malami ya yi murmushi ya ce mata, "Ke, ai waɗannan matattu ne, je ki nemi abin da yake aiki." Aka yi dariya, aka kira na gaba. Madalla da wannan ilimi da ya tsaya cak a 1977, shekarar da aka fara bayyana irin wannan ƙwayar gado a jikin wani kwaɗon Afirka, tun daga nan kuma bai ƙara motsawa ba.

Hujjarsa guda ce, wato jabun ƙwayar gado kwafi ce da ta lalace, ba ta samar da furotin. Gaskiya ne galibi ba ta samarwa. Amma rashin furotin ba shi ne rashin aiki ba, domin da yawa daga cikinsu ana karanta su a fitar da RNA, wato kwafin saƙon da ke cikin DNA, shi kuwa RNA yana iya yin aiki da kansa ba tare da ya koma furotin ba.

A 2013 ɗakin binciken Howard Chang na Jami'ar Stanford a Amurka ya wallafa aiki a mujallar eLife kan wata jabun ƙwayar gado ta ɓera da suka sanya wa suna Lethe. Idan sinadarin TNF-alfa mai tayar da kumburi ya taɓa ƙwayar halitta, sai furotin NF-kB, wanda shi ne jagoran kumburi, ya shige tsakiyarta ya kunna ƙwayoyin gadon faɗa da cuta, irin su IL-6. Cikin abubuwan da yake kunnawa har da Lethe. RNA ɗin Lethe kuma sai ya dawo ya riƙe RelA, wani ɓangare na NF-kB ɗin kansa, ya hana shi zama a kan DNA, kumburin ya sassauta. Wato injin da ya ɗauki gudu shi ne yake taka wa kansa birki, kuma birkin shi ne abin da malaminmu ya kira matacce. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon gaɓoɓin da kumburi ya ƙi kwanciya ya san cewa kashe kumburi ba ƙaramin aiki ba ne.

Za a ce ai wannan a ɓera ne. To, a 2018 ƙungiyar Michaela Gack ta nuna a ƙwayoyin halittar ɗan Adam cewa idan ƙwayar cutar HSV-1 mai haddasa ƙurajen baki ta shiga, RNA na wata jabun ƙwayar gado mai suna RNA5SP141 yana fitowa daga tsakiyar ƙwayar halitta, furotin ɗin da suke lulluɓe shi su ragu, sai RIG-I, furotin mai gano shigowar ƙwayar cuta, ya kama shi ya sa a fitar da intaferon, sinadarin da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar. Nan ma babu furotin, kuma nan ma ga aiki a fili.

Za a kuma ce mu 'yan Adam muna da irin waɗannan jabun ƙwayoyin gado wajen 14,000, mafi yawansu ba sa tsinana komai. Yana yiwuwa haka ne, ban damu da in musa ba. Sai dai wacce take aiki da wacce ba ta yi, a ɗakin gwaji ake rarrabe su, ta hanyar toshe RNA ɗin a ga abin da zai sauya, kuma wannan shi ne ainihin abin da ɗalibar ta nemi a ba ta dama ta yi.

Wani abu da ke cikin aikin na 2013 shi ne maganin deksametason mai kwantar da kumburi ma yana ƙara yawan Lethe, sannan yawanta yana raguwa a jikin ɓerayen da suka tsufa. Wannan deksametason ɗin kuwa shi ne wanda ake saye a kemis a unguwanninmu babu takardar likita, wasu na sha don su yi ƙiba, fuska ta kumbura su ɗauka lafiya ce, alhali garkuwar jikinsu suke dannewa.