Jiran fara maganin daji ba cire rai ba ne

Abin nan yana damuna, a ƙauyukanmu da an ce wa mai ciwon daji ya dawo bayan sati biyu sai a fara cewa likitoci sun cire rai da shi. Dole hankali ya tashi kam, amma ba haka ba ne. Tsokar da aka ɗiba a jikin majinyaci don gwaji sai an duba ta an san irin dajin, a ɗauki hoto a ga ko ya bazu, a auna jini da ƙoda. Matar da aka turo daga Ringim zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, in jininta ya yi ƙasa sai an gyara shi kafin a fara kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin daji. In fargaba ta hana barci a faɗa wa likita, in kuma jini ya ɓalle kar a jira ranar da aka sa.