Kafin a ci masu shaguna tara, a nuna musu inda kwatar ta nufa

Wata ɗabi'a ta hukumomin birane ta fara isa ta. A gama sabon titi, ruwan sama na farko ya afka cikin shaguna da gidaje, washegari a fito da sanarwar tara ga duk wanda ya zuba shara a kwata. Mutanen da suka yi ta ƙorafi tun ana cikin aikin kuwa, tuni an yi musu laƙabi da masu ƙin ci gaba.

Shara tana toshe kwata, wannan ba abin musu ba ne. Amma kwatar da aka gina bisa ƙa'ida tana wanke kanta. Ruwa na bukatar gudun da bai gaza kusan mita 0.6 a daƙiƙa ba kafin ya iya tura yashi gaba, kuma hakan ba ya samuwa sai da gangare, galibi aƙalla rabin mita a kowane mita 100. Idan ƙasan kwatar a shafe yake, ko ya yi ciki a tsakiya, yashi ne ke fara kwanciya, sannan leda ta samu abin kamawa. Mai shara ya zo ne ya tarar da laifin da aka riga aka yi da siminti.

Mafi muni shi ne kwatar da ba ta da mafita. Aikin magudana daga ƙasa ake faro shi, wato daga inda ruwan zai zube cikin rafi ko babbar magudana, a biyo da shi sama. 'Yan kwangila da yawa suna yin akasin haka: su fara daga wurin da idon jama'a da na manya yake, kuɗi ya ƙare kafin a kai mafitar, a bar doguwar kwata mai kyan gani wadda ba ta da bambanci da randa. Ga kuma kwalbatin da ke ratsa titi. Bututun da faɗinsa bai kai santimita 60 ba, in ya cushe, yashe shi aiki ne ja, shi ya sa ake fifita mai santimita 90 a wuraren da yashi ke da yawa.

Kukan da masu shaguna suka fi yi, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne na tsayin titi. Lissafin ba shi da wuya. Jar ƙasa santimita 15, dutsen da aka fasa santimita 15, kwalta santimita 4 zuwa 5: an haura santimita 30 ke nan. Idan ba a kankare tsohon titin ba kafin a ɗora wannan, sabon zai fi dokin ƙofar shago tsayi. Titi kuma da gangan ake yin sa da tudu a tsakiya, kusan kashi 2.5 cikin 100, don ruwa ya gangara gefe. Gefen nan shi ne ƙofar mutane. In bangon kwatar ya ɗara bakin kwalta kuma ba a bar kafofin shigar ruwa ba, ruwan zai bi gefen kwatar yana neman wuri mafi kwari, kuma zai same shi.

Haka batun ramin da ake bari a buɗe wata da watanni. Kankare na son a riƙa jiƙa shi kwana 7, ya kai cikakken ƙarfinsa a kwana 28. Babu dalilin da zai sa a haƙe layi guda tun daga farkonsa har ƙarshe a lokaci ɗaya, alhali ana iya haƙa mita 100, a zuba, a rufe, a matsa gaba. Mai shagon da aka raba da abokan cinikinsa zai ɗora katako ko ya cike ramin da ƙasa don a samu hanyar shiga, sai a dawo a ce ya karya doka. Wa ya hana a sa masa murfin kankare tun farko?

Za a ce kuɗi ne bai isa ba, amma auna gangare da fara aiki daga mafita ba sa ƙara ko sisi.

Dokar ma zaɓen wanda za ta hau take yi. Tun gwajin titi na AASHO, wato ƙungiyar jami'an hanyoyi ta Amurka, da aka yi a jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 aka san cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninka kusan sau 16. Tirela ɗaya mai lodi fiye da kima ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta, amma ita tana wucewa salin alin, mai tebur a bakin hanya ne ake kwashe wa kaya.

A liƙa zanen aikin a inda kowa zai gani, da tsayin titi da mafitar ruwa a jiki, kafin katafila ta taɓa ƙasa. A kwashe bututun ruwa da na bayan gida zuwa gefe kafin a zuba kwalta. Kason da ake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila, wanda yawanci kashi 5 zuwa 10 ne, kada a sake shi sai titin ya ga damina guda cikakkiya, kuma mazauna layin sun sa hannu cewa ruwa bai shiga musu ba.