Yadda rashin zari-ruga ya sa na sayi kafet ɗin masallaci

Ranar 14 ga Yuni 2025 Bath suka doke mu, wato ƙungiyata ta zari-ruga Leicester Tigers, 23 da 21 a filin Twickenham, maki biyu kacal jama'a, a wasan ƙarshe na gasar Ingila kuma. Amma wallahi ba cin ne ya fi ƙona min rai ba, alƙali na hura usur ɗin tashi sai na tuna shikenan fa, ba zan sake ganin Leicester Tigers a fili ba sai ƙarshen Satumba. Wata uku da ɗoriya. Na zauna a falo da jesina kore mai ratsin ja da fari kamar wanda aka yi wa rasuwa, uwargida ta leƙo daga kicin tace "an gama?" nace an gama, tace "to alhamdulillahi", ta koma ciki ta fito da wata takarda.

Bari in ɗan koma baya don na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da zari-ruga. Shekarata ta biyu a Leicester wani Bature abokin aikina ya ja ni Welford Road, filin Tigers, ni kuma na bi shi don in je in yi dariyar ƙarti suna kokawa a kan ƙwallo mai kama da ƙwai. Na iske mutum goma sha biyar-biyar, minti 80, ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu sai baya, in ka dangwala ta bayan layin abokan hamayya maki biyar, ga wasu dirka-dirka takwas-takwas da ke haɗa kai suna ture juna kamar raguna a kasuwar Sallah, kuma duk girman ƙato in alƙali ya kira shi sai ya sunkuyar da kai yace "yes sa". Tun daga ranar ban dawo daidai ba. Abokaina na gida 'yan Arsenal da Barca har gobe a gurup cewa suke dambe na tafi kallo Ingila alhali ga shi nan arha a gida.

To takardar nan, ashe duk aikin da nace mata "bari a gama kakar wasa tukunna" tun Satumbar 2024 rubutawa take yi. Fentin shingen bayan gida, ƙofar banɗaki da ke ƙara, yankan ciyawa, kwashe tarkacen gareji, har da kai yara ziyara Birmingham da na yi alkawari sau huɗu. Goma sha bakwai na ƙirga. Ta manna a jikin firji da ɗan maganaɗisun Tigers ɗin da ni na sayo da kuɗina.

Kuma ita bazarar Turawa ba ta da tausayi. Rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi na dare, Asabar ɗaya kamar biyu ce, ƙarfe uku na rana da ake take wasa sai in ji jikina yana ƙaiƙayi in rasa inda zan sa kaina. Na gwada kallon kurket a filin Grace Road, na zauna awa uku wani dattijo a gefena yace yanzu ne ma wasan ya fara daɗi, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Na gwada ɗaya zari-rugar ta mutum goma sha uku da 'yan arewacin Ingila ke yi da bazara, ba laifi amma kamar tuwo ne da miyar da ba daddawa. Sai na koma maimaita wasan ƙarshe na 2022, wanda muka kara da Saracens, ɗan wasanmu Freddie Burns ya buga ƙwallon nan ana dab da tashi muka ci 15 da 12, na kalla ya fi sau goma kuma kowane karo sai gabana ya faɗi ko zai ɓarar. Akwai daren da na yi ihu ƙarfe ɗaya maƙwabciya ta buga bango.

Abin da ya ɗan riƙe ni shi ne a can kudancin duniya lokacin sanyi ne, kuma shekarar ce tawagar Lions, wato zaɓaɓɓun 'yan Ingila da Ireland da Scotland da Wales, suka je Ostireliya. Sau ɗaya suke fita a shekara huɗu. Kyaftin Maro Itoje ne, ɗan Saracens ne dai amma jinin Najeriya ne don haka na yafe masa na wata biyu, ga namu Ollie Chessum a ciki. Wasa na biyu a Melbourne, Asabar 26 ga Yuli, sha ɗaya na safe agogon Ingila, wasa uku ne kuma Lions sun ci na farko, in suka ci wannan sun lashe karawar gaba ɗaya. Tun sati biyu kafin nan na shelanta a gida cewa ranar ko gobara ce a jira ni.

Daren Juma'a uwargida tace "Maigida ka tuna gobe akwai taron masallaci ko?" Nace wane taro. Tace na tara kuɗin kafet, sha ɗaya, kai ne ma ka ce a sa Asabar. Kuma da gaske ni na ce, tun watan Mayu, lokacin ina ganin Yuli ba komai a cikinta.

Sai dabara ta faɗo min. Na sa babbar riga, na maƙala iyafis a kunnen dama, na yafo hirami na rufe kai da kunnuwa, a wannan zafin na Yuli. Muna shiga zauren wani dattijo yace "Alhaji lafiya dai?" nace mura ce Baba, yace Allah ya sawwaƙe murar bazara ba ta da kyau. Na samu can baya kusa da flas ɗin shayi na zauna. Malam ya buɗe da addu'a, aka shiga bayanin yadda tsohon kafet ya tsufa har gwiwa na jin siminti, ni kuwa a kunnena Ostireliya sai lallasa mu suke, kafin in ankara 23 da 5. Na dafe kai ina girgizawa, ina "innalillahi" a hankali, ashe na kusa da ni yana lura, ya dafa kafaɗata yace wallahi Alhaji nima abin kafet ɗin nan yana damuna haka.

Aka tafi hutun rabin lokaci 23 da 17, na ɗan samu numfashi har na sha shayi da cincin biyu. Taron kuma kun san taronmu, wanda aka ce awa ɗaya ne, sai da ma'aji ya karanta lissafin shekara uku, wani ya tashi da ƙorafin takalma a bakin ƙofa, wani yace a fara gyara hita tukunna. Sai wajen ɗaya saura aka zo kan kuɗi. A kunnena kuma 26 da 24, saura minti ɗaya ko biyu, Lions na bakin layi suna ta dannawa, mai sharhi muryarsa ta shaƙe, na riƙe gefen kujera gumi na bin hiramin nan, ban ji komai na zauren ba sam. Abin da aka ba ni labari daga baya, daidai lokacin Malam yace "saura fam ɗari biyar a cike, wane bawan Allah ne zai ɗauke mana wannan?" zaure ya yi tsit kowa na kallon ƙasa. Can a Melbourne ɗan wasan Lions Hugo Keenan ya kutsa ya dangwala.

Na miƙe tsaye, hannu biyu sama, nace "ALLAHU AKBAR! Shikenan an gama!"

Zaure ya ɗauki kabbara. Malam yace "masha Allah, Alhaji ya ɗauka, kuma ga shi ba shi da lafiya ma." Dattijon nan ya rungume ni yana sa min albarka har da iyayena. Ni kuma ina tsaye ina jin ana duba bidiyo a Melbourne ko za a soke cin, don haka fuskata ta cika da tsoron Allah na gaske, na ɗaga hannu ina "Allah ka tabbatar, Allah ka tabbatar", jama'a na amin. Aka tabbatar, 29 da 26. Sannan ma'aji ya iso gabana da biro da littafi.

Daga ɓangaren mata na hango uwargida ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. A mota ba ta ce uffan ba sai da muka kusa gida, tace "Maigida, iyafis ɗinka na leƙowa." Fam ɗari biyar ɗin nan kuwa su ne na ɓoye tun azumi don tikitin kaka na Welford Road, ita kaɗai ta san da su, kuma ita ta tura wa ma'aji da yamma tun kafin in fara tunanin yadda zan zame.

Shingen dai na fente shi, saura goma sha shida a jikin firji. An shimfiɗa kafet kafin Agusta ta ƙare, suka ce tunda ni na cike dole in zo in fara takawa. Na shiga na duba ƙasa, baƙi ne da kore da ruwan zinare. Kalar Northampton Saints kenan, manyan abokan gabarmu, kuma sahun gaba suke ajiye min yanzu kowace Juma'a.