Hulata Tana Bahar Rum

'Yata ce ta jawo mini, ko da yake ita har gobe cewa take yi taurin kunnena ne. A Ingila take aure. Shekarar da na yi ritaya, ita da mijinta suka haɗa kuɗi suka ce za su kai mu yawon shan iska a jirgin ruwa, ni da mahaifiyarta. Kwana 7 a Bahar Rum: a tashi daga Basalona ta ƙasar Sifaniya, a taɓa Marsey ta Faransa, a gangara Italiya, a leƙa Malta, a dawo inda aka fito. Ni kuwa ruwa mafi girma da na taɓa gani da idona shi ne na dam ɗin Tiga, shi ma daga nesa na yi masa sallama.

Ana saura wata guda ta bugo waya.

"Baba, ka fa tanadi kayan dare."

Na ce, "Kayan barci? Ai ina da su."

"A'a Baba, kayan cin abincin dare. Jirgin yana da ƙa'ida, kowane dare da irin shigar da ake yi."

Na yi dariya har da tari. Shekara 60 da ɗoriya ina cin tuwon dare a tsakar gida daga ni sai singileti, ba wanda ya taɓa duba kayana kafin a zuba mini miya. Ta ci gaba da bayani, wai wasu dararen "simat kashuwal" ake yi, wasu kuma "gala". Na ce to, na ji. Ban ji ba.

Abin da na fahimta kawai shi ne za mu shiga cikin Turawa, in kuwa ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi igiya ka ɗaura. Sai na tono kwat ɗina daga ƙasan akwati, wadda na ɗinka a 1994 da ofis ya tura mu kwas Legas. Tana ta ƙamshin kafur. Hajiya ta dube ta, ta dubi tumbina, ta ce, "Alhaji, wannan kwat ɗin wani mutum ta sani, ba kai ba." Ban kula ta ba. Ita kuma ba ta ƙara magana ba, ta ɗauko babbar rigata ta shadda ruwan bula, mai aska takwas aikin hannu, ta aika da ita wurin masu bugu. Aka dawo da ita tana ɗaukar ido kamar an shafa mata mai. Ta haɗa da hulata zanna bukar, wadda nake ajiyewa don sallar idi da ɗaurin auren manya. Na ce mata Turawa za su zaci labule na yafa, kuma kilo 23 kawai jirgin sama ya yarda wa kowace jaka. Ta cire takalmana guda biyu ta sa rigar. Ni kuma da ta juya baya na cusa ƙaramin dutsen guga a cikin safa.

Jirgin da muka tarar a Basalona unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa. Hawa goma sha wani abu, fasinja sama da 4,000, da kantuna, da gidan wasan kwaikwayo, da wurin ninkaya a can ƙololuwa. Aka kawo wa kowa jakarsa ƙofar ɗaki ban da ni. Can sai ga takarda wai in sauka ƙasa ana nemana. Na tarar da wani ɗaki cike da masu laifi irina, ga tebur an jera abin da aka kama: duwatsun guga, butocin lantarki, kyandirori. Ashe duk ruwan nan da ya kewaye jirgi, ba abin da yake tsoro kamar wuta, don haka ba a yarda kowa ya shiga ɗaki da abin da ke ɗaukar zafi ba. Wata mata mai kaki ta zaro dutsen gugana daga cikin safa da yatsu biyu, ta ba ni rasit, ta ce ranar sauka in karɓa. Da na koma Hajiya ta ce, "Ina ka shiga?" Na ce zaga jirgi na yi.

Daren farko na sha kwat. Wandon ya ƙi rufuwa sai da na riƙe numfashi, hannun rigar ya tsaya can sama da agogo, nakatai kuwa surukina ne ya ɗaura mini, yana ta sunkuyar da kai don kada in ga yana murmushi. Yaron kirki ne. Muka shiga ɗakin cin abinci, sai na ga kowa cikin kayan da ya yi tafiya da su, masu 'yar riga mai gajeren hannu, masu wandon jins. Ashe a daren farko ba a matsa wa kowa, tunda wasu ko jakunkunansu ba su kwance ba. Duk faɗin wurin, masu baƙar kwat da nakatai mu ne ni da shugabannin masu kawo abinci. Ban kai teburinmu ba wata tsohuwar Baturiya ta tare ni tana nuna mini katinta, tana tambayar ina tebur mai lamba kaza yake. Na nuna mata wani wajen da hannu. Allah Ya sa ta samu.

Da aka kawo abinci na biyu na miƙa hannu zan ɗauki burodi, sai ji na yi ƙas. Maɓallin tsakiya ya yi tsalle, ya daki kofin surukina, ya gangara ƙarƙashin teburin wasu Faransawa. Jikata, 'yar shekara 6, wadda nake kira amarya, ta ce da Hausarta ta Ingila, "Angona ya fashe!" Hajiya ta ce, "Kishiya, bar shi, shi ya so."

Kowane dare akwai takardar da ake ajiye wa mutum a ɗaki, mai ɗauke da shirin gobe: ƙarfe nawa za a isa gari, ƙarfe nawa za a tashi, da shigar da ake so a yi da daddare. Wannan daga baya na sani. A lokacin ni dai na ga takarda ce mai kauri, na nannaɗe gorona da ita.

Rana ta biyu, mun dawo daga Marsey, 'yata ta leƙo ta ce, "Baba, yau fa daren gala ne." To ni gala biyu na sani a duniya. Akwai wadda yara ke tallarta a tasha da bakin titi, a sha da lemo. Akwai kuma gidan gala, inda ba dattijon da zai yarda a ga ƙeyarsa. Ko wacce ce a cikin biyun, ba ta cancanci in sake shaƙe wuyana ba. Ga kuma darasin jiya. Na ce wa Hajiya su yi gaba zan same su bayan na yi isha'i, don a jirgi sai ka yi ta fama da alƙibla, jirgi ya juya ita ma ta juya. Na idar, na zura jallabiyata ta zaman gida da silifas ɗin alwala, na shiga lif.

Lif ta buɗe, na ga abin da ya fi ƙarfina. Maza duk sun yi baƙi ƙirin da kwat, wasu da ɗan nakatai mai kama da malam-buɗe-littafi a maƙogwaro. Mata na jan riguna a ƙasa, sai ƙyalli suke. Ga masu hoto sun kafa fitilu, ga kyaftin cikin fararen kaya ana layin gaisawa da shi. Ni kuma silifas ɗina bai gama bushewa ba, kowane taku sai ya ce cakwal. Mutumin da ke bakin ƙofa ya gaishe ni da ladabi, ya dubi jallabiyar bai ce komai ba, sannan idonsa ya sauka ƙafata ya tsaya a nan. Cikin taushin murya ya ce akwai wurin ɗebi-da-kanka a sama, can ba a damu da shiga ba, kuma abincin yana da daɗi ƙwarai. Ban taɓa ganin an kori mutum da ladabi irin wannan ba, har godiya na yi masa. Na hango Hajiya can ciki, ta sha leshi da gwaggwaro, wasu mata sun kewaye ta suna taɓa ɗaurin. Ta gan ni sarai. Ta kau da kai.

Na ci shinkafa da kifi a sama tare da yara da wasu samari da rana ta ƙona wa baya.

Bayan mun baro Jenowa ta Italiya ban fita ba, na ce kaina ke ciwo. Daren da muka baro tashar da ake sauka a tafi birnin Rum, mai sunan da ya fi ƙarfin harshena, aka yi daren fararen kaya a saman jirgi. A nan ne da na burge, don farin kaftani ai gidanmu aka zo. Sai dai da safen na ba da shi wanki. Na tsaya a gefe da kaftani ruwan goro kamar ƙuda a cikin nono.

Daga nan na saduda, na karɓi takardar daga hannun goro na soma karantawa. Gala ta biyu za a yi ta daren barin Malta, kuma a jikin bayanin an rubuta cewa wanda ya so zai iya sa kayan gargajiyar ƙasarsa. Na karanta sau biyu. Na ciro babbar riga daga ƙasan jaka, inda kwat da takalma suka kwana biyar a kanta. Ta yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin saniya.

Na nuna wa yaron da ke gyara mana ɗaki, ɗan ƙasar Filifin, mai fara'a. Ya buɗe ta, ya buɗe, ya ƙara buɗewa, hannunsa ya ƙare rigar ba ta ƙare ba. Ya duba takardar wanki, akwai kuɗin riga, akwai na wando, akwai na kwat, babu na wannan. Ya tambaye ni ko zanin gado ne. Na ƙwace abata. Surukina ya ba da shawarar a rataye ta a banɗaki a saki ruwan zafi, tururi zai miƙar da ita. Garin gyaran gira aka rasa ido: tururi ya kashe sitacin, riga ta yi laƙwas, ƙyallin ya gudu.

To ni ɗan cikin birni ne, na tashi ina jin amon masu bugu tun kafin in san karatu. Muna barin Palamo ta Italiya da daddare na linke rigar yadda na ga suna yi, na yayyafa mata ruwa kaɗan, na shimfiɗa ta a kan ɗan teburin ɗaki. Ba ni da tabarya, sai na ɗauki kwalbar ruwa ta gilashi na nannaɗe ta da tawul. Tim, tim, tim. Na juya, tim, tim, tim. Har na soma jin daɗin kiɗan. Abin da ban lissafa ba shi ne bangon ɗakin jirgi ƙarfe ne, kuma teburin a jikinsa yake. Na kusa da mu ya buga bango. Na zaci amshi yake yi. Ba a yi minti goma ba sai ga ma'aikata biyu a ƙofa, ɗaya da fitila, suna tambaya ko wani abu ya ɓalle a ɗakin. Hajiya daga kan gado ta ce, "Ku tambaye shi, shi ne injiniyan." Ƙarshe na linke rigar na sa ta ƙarƙashin katifa, na kwana a kanta. Tumbin da ya ci amanar kwat, ranar ya yi aiki.

Malta ta kwantar mini da hankali. A Baleta na ji mai kanti yana lissafi yana cewa hamsin, na juyo da sauri, ashe harshensu da Larabci dangi ne. Da yamma na yi wanka, na sa 'yar ciki da wando, na zuba babbar riga, na kafa zanna bukar na ɗan karya ta gefe, na fesa turare. Karin ninkin ya fito ras kamar daga hannun masu bugu.

Mutumin bakin ƙofa, shi dai na rannan, ya dubi ƙafata da farko, sannan ya ɗago, ya ɗago, ya ja da baya ya buɗe hannu. Tun daga ƙofa har tebur ana tsayar da ni. Wata ta tambayi wata nawa aka yi ana aikin wuyan. Wani ya tambayi 'yata ko ni sarki ne, ta ce a'a, ni kuwa na ce mata da Hausa wa ya aike ta. Wani dattijo ɗan Sikotlan ya zo muka yi hoto, shi ma cikin kayan gargajiyarsu, siket mai gidan dara iya gwiwa da doguwar safa. Na yaba masa a fili, a zuci na ce Allah Ya ƙara rufa mana asiri. Na gaisa da kyaftin, ina ta saɓa hannun riga a kafaɗa ko bai zame ba. Hajiya ta matso ta ce a hankali, "Labulen ya yi kyau."

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Sai giyar yabo ta ɗebe ni, na ce a hau can sama a yi mini hoto da fitilun Malta a bayana. 'Yata ta ce, "Baba, akwai iska fa." Na ce iskar hunturu ma mun gani.

Ina tura ƙofar na san na yi kuskure. Jirgi na gudu, teku a buɗe, iska ta shigo ta hannun dama ta cika rigar tim, ta nemi hanyar fita ta rasa. Na kumbura na zama kamar rumfar biki. Ta ɗaga bayan rigar ta kifa mini a ka, na daina ganin komai, ƙafafuna suka soma tafiyar da ban aike su ba. Surukina ya rungumo ni ta ƙugu, kunya ta tafi hutu, 'yata ta kama hannun riga ɗaya, Hajiya ta kama ɗayan tana salati, amarya na tsalle tana ihu, "Angona zai tashi!" Da ƙyar suka sauke ni kamar ana naɗe tabarma. Na fito da kaina, na ji sanyi a tsakiyar kai. Na ɗaga ido na hango zanna bukar tana juyi a cikin hasken fitila, ta haye ƙarfen gefe, ta yi ƙasa, ba ko sallama.

Ita kaɗai na zo da ita, don sauran hulunan suna cikin takalman da Hajiya ta cire. Washegari yini guda muka yi a kan ruwa ba tasha, ni kuma rabona da fita ba hula tun ina makarantar firamare. Na ƙi fitowa ko karin kumallo. Wajen azahar surukina ya ƙwanƙwasa, ya durƙusa, ya miƙo mini leda da hannu biyu. "Baba, duk kantunan jirgin na zaga, wannan kawai na samu." Hana-sallah ce fara, da hoton jirgi a goshi.

Da ita na sauka a Basalona, a kan farin kaftanina da ya dawo daga wanki, na bi layi na miƙa rasit aka ba ni dutsen gugana. Hajiya na tsaye a bayana. Ta dubi dutsen, ta dube ni, ta ce, "Au, zaga jirgin ke nan?"