Hazon hunturu, halittun teku da katangar da ke tsakanin malamanmu

Duk wanda ya yi Janairu a Kano ko Damagaram ya san hidimar safiya: a goge ƙurar da ta kwana a gilashin mota, a shafa man kaɗe a leɓe, a fita ana tari. Kaso mai tsoka na wannan hazo daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe busasshen gindin tsohon tafkin Chadi. Farar ƙasar wurin galibi ɓawon ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu shekaru dubbai da suka shige.

Ƙurar ba a kanmu take ƙarewa ba. Binciken da masanan hukumar NASA ta Amurka suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke ficewa ta gaɓar yammacin Afirka duk shekara. Mai yawa daga ciki a tekun Atalantika take zubewa, ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosfaras, wato takin halittun da ido ba ya gani. Su kuwa waɗannan halittu na teku, kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya aikinsu ne.

To aikin wa ke nan? Na masanin duwatsu ne, ko na yanayi, ko na sinadarai, ko na ƙwayoyin halitta? A ganina, muddin jami'a tana jiran sashe guda ya amsa, ta daɗe tana jira.

Labarin Sallie Chisholm ya isa hujja. Ilimin halittu ta karanta, amma a sashen injiniyan gine-gine na jami'ar MIT da ke Amurka ta sami gurbi a 1976. Ita da abokin bincikenta Robert Olson suka ɗauki na'urar da asibitoci ke ƙirga ƙwayoyin jini da hasken leza, suka ɗora ta a jirgin ruwa. Can tsakiyar shekarun 1980 na'urar ta riƙa nuna wani ɗan jan haske, mai rauni har ana iya ɗaukarsa ƙyaftawar inji. Ashe halitta ce. A 1988 suka sanar da duniya abin da daga baya aka raɗa wa suna Prochlorococcus, wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma mililita guda na ruwan teku kan ɗauki 100,000 nata. Masana sun shekara ɗari suna jan koma a teku, tana zurarewa ta idon komar. Sai da aka aro kayan likita aka gan ta.

Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba. Akwai cibiyar binciken teku ta tarayya a Legas tun 1975, Jami'ar Kalaba na da tata, a 2023 kuma an kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarin girma. A jami'o'inmu da dama, maƙalar da mutum biyar suka rubuta makinta rarrabawa ake yi, wadda ta fita daga fanninka kuwa kwamiti ya yi ta yamutsa fuska. Wane lakcara ne zai ɓata shekara uku da abokin aiki na wata tsangaya alhali ya san lissafin?

Na san za a ce, malamin da albashi bai kai shi ƙarshen wata ba, ɗakin gwajinsa babu wuta, ina shi ina teku? Gaskiya ne, jirgin bincike ba abin talaka ba ne. Sai dai rabonmu na aikin ba ya bukatar jirgi. Ƙurar da Turawa ke bi da tauraron ɗan'adam a rufin ofishinmu take sauka kyauta. Faranti mai tsabta, ma'auni, da ɗalibin da zai riƙa kwashewa duk mako yana rubuta kwanan wata sun isa a fara a Kano da Maiduguri da Damagaram. Masanin sinadarai ya auna ƙarfen da ke ciki, na Kalaba ya zuba ta a ruwan tekun da ya ɗebo, ya ga wace halitta ce za ta fara tofo. Sai a ba kowannensu cikakken makinsa ranar ƙarin girma.