Ni da wuƙar layya da firigon uwargida

Har yau in zan bi ta gaban shagon mai gyaran firigon nan na hanyar kasuwar Dole sai in kau da kai, in yi kamar ina amsa waya. Waɗanda suka ji labarin daga bakin maƙwabcina sun ji shi da gishiri mai yawa, shi ya sa gara in faɗa da kaina.

Uwargida ta tafi biki Mirya ran Asabar, kwana ɗaya tak. Tana kan kabu-kabu za ta tasha ta juyo ta ce min abu biyu: in kuran ya tafi kada yara su yi ta buɗe firigo, kuma ni kada in taɓa mata shi. Firigon kun san shi, mai ƙofa gudan nan da ya girmi ɗiyarmu ta fari, wanda take ƙulla ƙanƙara da bisap da lamurje a ciki. Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, lokacin da ledar ƙanƙara ta fi ni daraja a gidan. Ɗakin sama na firigon ya yi ƙanƙara har murfinsa ba ya rufuwa, wurin da ke cin leda 30 ya koma cin 12. Na ce bari in yi abin kirki ta dawo ta ga mamaki.

Abin haushin shi ne na san yadda ake yi. A zare fulogi, a kwashe kaya, a sa tukunyar ruwan zafi a ciki, a jira ƙanƙarar ta saki da kanta, sannan a goge da ruwan ɗumi da ɗan bikarbonat. Sau nawa ina zaune tana yi a gabana. To amma bido biyu kaɗai mai garuwa ya kawo ranar, kuma duk ɗan Damagaram ya san ba a wasa da ruwa a watan nan. Sai idona ya faɗa kan wuƙar layya.

Da farko abin daɗi ne, wallahi. Ka sa tsini, ka ɗan murɗa, gutsure ya faɗo kamar faifai. Har ina 'yar waƙa. A kusurwar hagu ne wani dunƙule ya ƙi, na gyara tsayuwa na ba shi da ƙarfi.

Fssssss.

Na yi tsalle baya har na taka kwanon miya, don na ɗauka maciji ne. Da na leƙa sai ga wani farin tururi mai sanyi yana fita daga ɗan rami wanda bai kai ƙwayar gero ba. Na danna yatsa a kai. Haka na tsaya, ni magidanci mai shekara 20 yana koyarwa a lakwal, rabin jikina cikin firigo, ƙafa ɗaya cikin miyar kuka, yatsa yana daskarewa, ina ƙwala wa autana kira. Na ba shi dala goma na ce ya ruga butik ya sayo cingam. Na tauna biyu, na liƙe ramin, na bi da salatif a kai, na mayar da fulogi. Inji ya tashi yana gurnaninsa kamar kullum. Na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Kafin la'asar bisap ya yi ɗumi kamar kunun buɗe-baki.

Yanzu ga maƙwabcin nawa. Ba sai na faɗi sunansa ba, mai hular da ba ya wankewa. Mutumin nan tun sallar layya yake da baƙar leda a firigonmu. Kowa a garin nan ya gasa ragonsa ya soye washegari ya zuba a kwano, shi kaɗai ne ya ce iyalinsa sun fi son ɗanye, ya kawo cinya guda ajiyar kwana biyu. Daga nan ledar ba ta sake fita ba, sai dai a rage a ƙara. Bai taɓa ba da ko dala ta kuɗin kuran ba. Kullum azahar yana ƙofar gida da moɗa: "Mushe, ko ɗan ruwan sanyi." Tsanina da ya ara zai gyara indararo yau damina uku ke nan, in na tambaya sai ya ce ai tsanin maƙwabci na unguwa ne. Har akuyarsa ta san hanyar madafarmu. Shi ne ya shigo da moɗarsa, ya kurɓi ruwa, ya yamutsa fuska, ya buɗe firigon da hannunsa kamar na ubansa, ya taɓa ledarsa ya ji ta yi laushi. Ban ce ya kira kowa ba. Shi ya kira mai gyara, kuma a kan hanya ya tsaya a fadar masu shayi ya sanar da su, suka biyo shi su biyar har da mai riƙe da buta.

Mai gyaran da ya shigo kuwa ɗalibina ne. Na koyar da shi a aji shida, kuma ba zan ɓoye ba, ya sha bulala a hannuna kan lissafi. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, "Mushe, ina wuni," ya buɗe ɗakin sama, ya haska da wayarsa. Ya yi shiru. Ya ciro filaya, ya ɓare salatif a hankali, ya kamo cingam ɗin ya ja. Abin ya miƙe, ya yi ta miƙewa, ya yi zare tun daga cikin firigo har wajen ƙirjinsa bai tsinke ba. Ya ɗaga shi sama inda kowa zai gani. Ya kai hanci ya sunsuna.

"Mushe, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ka san yara."

Autana yana bakin ƙofa yana lasar leda. Ya ce, "Baba ne. Duka biyun ya tauna, bai ba ni ko ɗaya ba."

Ba dariyar ce ta fi ƙona min rai ba, ɗan shirun da ya zo kafinta ne. Na ji ƙarar murfin butar shayi. Na ga yaron nan ya cije leɓe, kafaɗarsa tana rawa, yana ta kallon filayarsa don kada mu haɗa ido. Mai hula ne ya fara fashewa, har da dafa bango. Zaren cingam ɗin kuma yana nan yana lilo a tsakaninmu, ba wanda ya tuna ya yar da shi. Daren jiya ma sai da na sake ganinsa a mafarki.

Daga nan ya ba ni darasi, da irin muryar da nake yi musu a aji. Wai farantin nan da na huda na alminiyam ne, hanyoyin gas suna cikinsa kamar jijiyoyi, kuma ba su da kauri. Wai na yi sa'a tsohon firigo ne mai gas R134a, don sababbi da yawa R600a ke cikinsu, shi kuwa yana kama wuta. Babban laifina ma ba hudawar ba ce, mayar da fulogin ne, don inji yana aiki yana zuƙo ruwan ƙanƙarar da ta narke ta ramin. Sai an liƙe, an canja filta, an zuƙe iska da danshi, sannan a ɗura sabon gas. Ya juya bayan firigon ya shafo ƙurar hunturu a kan ragar ƙarfen, ya nuna min yatsarsa ja wur, ya ce ta nan zafi ke fita, kuma mun manna shi da bango. Sannan ya ce in ba shi takardar jaka guda. Ya sa ta a bakin ƙofa ya rufe, ya ja, ta zaro salin-alin. "Kun gani, Mushe? Robar ƙofa ta saki, iska mai ɗumi na shiga, ita ke tara muku ƙanƙarar." Ya ninke jakar ya sa aljihu, wai kafin alƙalami.

Jaka 15 aikin ya ci, ban da waccan.

Uwargida tun a tashar Mirya labari ya same ta, har da hoto. Da ta shigo ba ta ce min uffan ba. Ta wanke firigon, ta sa gawayi a ɗan kwano saboda warin naman mai hula, ta ɗauke wuƙar layya ta kai inda har yau ban gano ba. Yanzu in zan yanka albasa sai na nemi izini.

Mai hula kuma yana cewa ina bin sa bashin haƙuri, shi yana bi na cinyar rago. Shekaranjiya na hango tsanin a gidan surukinsa a Garin Malam, an shanya barkono a kai.