Kifi yana iyo ba ya nufin babu wuta a ruwa

Masu kiwon tarwada a tanki cikin gida, a ƙauyukanmu na wajen Ringim, kan ce muddin kifi na iyo, babu lantarki a ruwan. Maganar tana damuna, ko da yake ido ne ya ga kifin lafiya.

Ita wuta hanyar shiga ƙasa take nema. Idan wayar famfon lantarki ta ɓare cikin tankin roba, wutar ba ta da mafita, kifi na iya ci gaba da iyonsa. Sai yaro ya zo ba takalmi, ƙasa a jiƙe, ya tsoma hannu, shi ya zama hanyar. Volt 230 ne fa, na NEPA ko na inbata.

A zare filogi kafin a taɓa ruwan. Soket ya zauna can sama jikin bango, wayar ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, don ɗigon ruwa kada ya bi ta ya shiga.